Takardun Ɓad-da-Sawu

Ranar Alhamis bayan sallar la'asar, cikin damunar 1997, Malam Mijinyawa ya buɗe shagon da ke jikin zauren gidansu a Rogo, ya shafa kan tebur da tafin hannu, ya ji wayam. Ya sake shafawa. Ya durƙusa ya laluba ƙasa, ya zazzage kwali, ya ɗaga tabarma. Da ya tabbata takardunsa goma sha biyu ba sa ɗakin, sai ya fito ya zauna kan dakali babu hula, abin da ba a taɓa gani ya yi ba.

Mu kuwa mutanen unguwa, Allah ya yi mu da saurin yanke hukunci. Rabinmu ba su taɓa ganin kwamfuta a kunne ba, amma kafin a kira magariba kowa ya zama alƙali. An sace wa Malam takardun na'ura, an banƙare wayar taga, kuma jiya Laraba an ga Lado, mai shagon buga takardu a Karaye, yana shawagi a kan babur ta bakin layin. To me kuma ake jira? Samari suka fara zancen a tafi Karaye a ci kwalarsa.

Mijinyawa malamin lissafi ne a sakandare. Shi ne mutum na farko da ya shigo da kwamfuta unguwarmu, wata tsohuwa da ya sayo ta hannu a Kano tare da ɗan janareta. Shekara biyu ke nan idonsa yana mutuwa a hankali. Likita ya sa masa ranar Litinin mai zuwa za a yi masa aiki a Kano, kuma bai ɓoye masa ba: ko a dace, ko ɗan ganin da ya rage ya tafi gaba ɗaya. Saura kwana huɗu ke nan. Shi ya sa Mai Unguwa Ɗanmaliki ya tsawatar wa samarin, ya aika ƙauyen Fulatan a kirawo Ilu mai bin sawu.

* * *

Ilu ya iso ranar Juma'a da hantsi, dogo, siriri, sandarsa a kafaɗa. Shekara talatin yana bin sawun shanun sata, kuma an san shi da abu biyu: ba ya gaggawa, ba ya yarda da abin da jama'a suka ce.

"Sannu da wannan abu, Malam. Allah ya bayyana."

"Amin, Baffa. Sannu da hanya. Ya mutan gida, ya dabbobi?"

"Lafiya lau, sai godiya. To ni dai shanu na sani. In saniya ta ɓata, kalarta nake tambaya da ƙahonta. Faɗa mini kamannin taka."

Mijinyawa ya nuna masa na'urar da ke lulluɓe da zane. Ya ce shekara huɗu ya yi yana rubuta wata manhaja, wato umarnin da ake jera wa na'ura ta bi, mai koya wa yara lissafi da Hausa. Can baya ya taɓa yin wata ƙarama, Lado ya kwafe ta, ya goge sunansa ya sa nasa. Haushin haka ya sa da hutun makaranta ya ƙirƙiri wani ɗan abin wasa, ya raɗa masa suna Ɓad-da-Sawu.

"Ka ga garkenka, Baffa, kowace saniya da sunanta. To haka manhaja take, kowane abu a ciki da sunan da na ba shi. Shi wannan sai ya bi ya sauya wa kowa suna, ya hautsina layukan. Na'ura tana ganewa, ta yi aikinta. Mutum kuwa ko ni da na rubuta, in na duba sai in ga shirme."

"To ai ka yi maganin ɓarawo."

"Kaina na yi wa. Na rubuta masa ɗan littafin bayani, na manta layi ɗaya. Ban faɗa ba cewa in ba a ba shi sabon suna ba, kan aikin na asali yake hawa. Tasalla, ɗalibata da ke buga mini rubutu, ta bi bayanina tiryan-tiryan, ya hau kan aikin shekara huɗu. Faifan da na yi ajiya a kai kuma damuna ta sa ya yi funfuna."

Abin da ya cece su a ranar, in ji shi, shi ne Ɓad-da-Sawu yakan nuna jerin tsofaffin sunaye da sababbi sau ɗaya tak, kafin a kashe na'ura. Tasalla tana karantowa yana rubutawa, suna ɗari biyu da talatin, suka gama man janareta yana ƙarewa. Daga nan ya yi mako uku yana gyara littafin bayanin. Shafi goma na bayani, har da yadda za a warware abin da aka hautsina, shafi biyu kuma jadawalin sunayen ne, gida-gida.

"Ba a gama manhajar ba, Baffa. A darasin rabawa akwai kuskure, yaro zai raba tara gida uku ta ce masa huɗu. Wa zai ba yara wannan? In babu jadawalin nan ba mai iya gyarawa. In na dawo daga Kano babu ido, da takardun nan Tasalla za ta ƙarasa. In babu su, na yi shekara huɗu a banza."

"Bugun na'ura ne takardun?"

"A'a. Biro ma ba na ganinsa yanzu. Na koma alƙalamin kara da tawada, manya-manyan baƙaƙe, da ajami. Hannuna ya san hanyarsa ko ido bai taya shi ba."

Ilu ya duba ƙasan ɗakin ya girgiza kai, don masu jaje sun tattake komai tun jiya. Ya je taga ya zura hannu ta inda aka banƙare waya. Hannun ya shiga iya gwiwa ya tsaya, tebur kuwa yana can da tazarar taku biyu.

"Ta nan ba a ɗauki komai ba," in ji shi. "Wanda ya ɗauka, ta ƙofa ya shigo. Makulli nawa ne?"

"Biyu. Nawa da na Tasalla."

Ilu ya ja akwatin littattafan da ke ƙasan tagar. A tsakanin akwatin da bango ya zaro wani ƙunshin takardu da aka naɗe da baƙin zare. Mijinyawa ya warce shi, ya kai dab da idonsa, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙa wa Ilu.

"Ba nawa ba ne. Ayoyi ne."

Nan take waɗanda ke leƙe daga ƙofa suka ƙarasa labarin da kansu: Lado bai tsaya a sata ba, har asiri ya jefo. Mijinyawa, wanda ko rubutun sha ba ya yarda a ba shi, ya ce a fitar masa da abin daga ɗaki. Ilu ya sa ƙunshin a aljihu, ya zagaya bayan taga. A jiƙaƙƙiyar ƙasar wurin akwai sawun keke, kuma duk zagaye ɗaya na tayar baya sai ta bar wani gungume, alamar ta tsage an ɗaure ta da roba. Sawun babur kuwa babu ko ɗaya.

* * *

Tasalla ta zo da rakiyar mijinta, idonta jawur. Suka zauna a zaure. Matar Mijinyawa ta tafi wankan jego Falgore, don haka yayarsa, Goggo Baraka, wadda ta rene shi tun rasuwar uwarsu, ita ke riƙe da gidan. Ita ta kawo wa Ilu fura.

"Sannu da ƙoƙari, Malam Ilu. Wanda duk ya sa yaron nan zama babu hula, Allah ya isa tsakanina da shi. Yana fama da ido, a bar shi ya ji da ɗaya mana." Ta share hawaye da gefen mayafi ta koma ciki.

Ilu ya juya ga Tasalla. "'Yata, makullinki yana ina ranar Alhamis?"

Ta zaro shi daga wuyanta, a jikin igiya. "Nan yake kwana, Baba."

"An ce ke kika hautsina aikin."

"Ni ce. Malam ya ce laifin bayaninsa ne, amma yatsana ne ya danna. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Yanzu kuma mata suna cewa na ɗauke takardun don in ɓoye kunyata. Baba, takardun nan su kaɗai za su wanke ni. Ina zan kai su?"

"Kin karanta su?"

"Shafin farko kawai. Ya ce sai ya gama zan buga. Ya rubuta, 'Kafin ka taɓa Ɓad-da-Sawu, ka ajiye asalin aikinka a faifai biyu, ɗaya ka kai gidan maƙwabci. Wanda ya rubuta wannan bai yi haka ba.'"

Ilu ya yarda da ita, ko da yake bai faɗa ba. Niyyarsa ya bi sawun keken nan tun ƙasa tana da danshi. Amma Mijinyawa ya riƙe masa hannu da hannu biyu.

"Baffa, don girman Allah ka fara zuwa Karaye. In Lado ya wuce Kano da su, shi ke nan. Keke ai kowa yana da shi."

Mai Unguwa ya goyi bayan haka, samari na ta gunaguni a waje. Ilu ya dubi sama, ya ga hadari yana haɗuwa ta gabas, ya dubi mutumin da ke riƙe da shi yana kuka ba sauti. Tausayi ya rinjaye shi, ya hau mota. Har ya mutu yana cewa wannan ne kuskure mafi muni da ya yi a sana'arsa.

* * *

Ya sami Lado a shagonsa bayan an sauko daga Juma'a, ƙofar a rufe rabi, don labari ya riga Ilu isowa. Bayan gaisuwa Lado bai jira tambaya ba.

"Na sani, Baba. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, haka za a ce. Na taɓa yi masa sata, ban musa ba. Ƙuruciya ce da son a sani."

"Me ya kai ka Rogo ranar Laraba?"

Lado ya buɗe aljihun tebur ya fito da wani gilashin ƙara girman rubutu, sabo a kwalinsa. "Wannan na saya masa a Kano, da na ji idon ya yi tsanani. Sau uku ina zagaya layin, kunya ta hana ni sallama. Na juyo da abina."

"Ka iya ajami?"

"Ajami? Ni ko izu biyu ban kai ba aka mayar da ni boko. Me ya kawo ajami cikin zancen na'ura?"

Ilu ya dube shi da kyau. Mutumin bai ma san kamannin abin da ake tuhumarsa da sacewa ba. Ya nemi ganin tayoyin babur ɗin don cika aiki, ya gani, ya yi masa sallama. Lado ya ce an aiko masa daga Mai Unguwa ya zo Rogo ranar Lahadi da safe ya dafa Alƙur'ani, kuma zai zo, ko da samarin za su fasa masa kai.

Ilu yana tasha ruwa ya ɓarke. Ya yi ta zuba kamar da bakin ƙwarya har bayan isha. Da ya isa bayan tagar Mijinyawa da sassafen Asabar, ƙasar ta yi sumul, ko sawun kaza babu.

* * *

Wanda ƙasa ta ƙi yi wa magana, sai ya koma wa mutane. Ilu ya bi masu facin taya na Rogo ɗaya bayan ɗaya. Biyun farko suka ce ai rabin kekunan ƙasar nan da roba suke tafiya. Na uku ya tura shi wurin wani mai sayar da gyaɗa, ya ɓata masa sa'a uku, ashe tayar gaba ce tasa. Sai bayan azahar ya zo kan Gwadabe, wani gurgu mai faci a bakin kasuwa, wanda ba ya mance tayar da ta taɓa bi ta hannunsa.

"Ta baya, an ɗaure da jar roba, ɗauri uku?" in ji Gwadabe. "Ai ni na ɗaure ta ranar Laraba. Na ce ya sayi sabuwa, ya ce sai kaka. Malam Shitu ne na Ruwan Bago."

"Malamin nan mai ba da taimako?"

"Shi fa. Mutumin kirki, amma keken nan nasa ya girmi 'ya'yana."

Babu motar Ruwan Bago ran nan saboda hanya ta lalace. Ilu ya naɗe wando ya kama hanya a ƙafa. Ya tsallake rafin da ke tsakani ruwa iya cinya, ya isa gab da magariba, hadari yana sake taruwa a bayansa.

Malam Shitu dattijo ne mai fara'a. Ya sa aka kawo ruwa, aka gaisa, aka tambayi damuna da iyali, Ilu yana amsawa zuciyarsa na tafasa. Da aka gama ya zaro ƙunshin ya ajiye a kan buzu.

"Allah gafarta Malam, ko ka san wannan?"

Malam Shitu ya juya shi, ya dubi zaren. "Ɗaurina ne, ko kwance shi ba a gama yi ba. Ya aka yi ya zo hannunka?"

"A shagon Malam Mijinyawa na tsince shi, bayan akwati."

"Ni na jefa ta taga. Yayarsa Baraka ce ta zo nan da kanta, a ƙafa, tana kuka, ta ce in yi wa ƙaninta rubutu saboda aikin idon nan. Allo ba zai ɓoyu ba, shi kuma ba ya sha in ya sani, sai na yi a takarda, ta jiƙa ta zuba masa a kunu. Na je Laraba na tarar ta tafi barka, gidan a rufe. Na tura ta taga, na bar saƙo wurin maƙwabciya a ce mata amanarta tana shago." Goshinsa ya tattare. "Amma tsaya. Ai jiya ta aiko mini da goro da godiya. Ta ce ta ɗauka tun Alhamis da safe, har ta fara ba shi."

Ilu ya matso kusa. "Me kuma ta ce?"

"Ta ce na yi mata alheri, bakwai na yi alkawari ta tarar da goma sha biyu. Na ɗauka ruɗewar tsufa ce. Ta ce tunda kwana ya ƙure, uku-uku take jiƙawa kullum. Wai masu hatimin nan biyu ta ajiye su sai ranar ƙarshe, don sun fi ƙarfi." Malam Shitu ya dubi ƙunshin, ya dubi Ilu. "Ni kuwa ban zana hatimi ba."

Ilu ya lissafa da yatsu. Alhamis uku, Juma'a uku, yau uku. Saura uku, kuma biyu daga ciki su ne jadawalin, wanda gidajensa suka yi wa tsohuwa kama da hatimi. Ya miƙe ko sallama bai yi cikakkiya ba.

Ruwan ya riga shi zuwa rafi. Ya tarar ya cika ya batse, yana jan itatuwa. Sau biyu yana shiga, sau biyu ruwan yana maido shi gaɓa, na biyun har ya tafi da sandarsa. Dole ya kwana a wata ruga da ke kusa. Asuba na yi ya kama wutsiyar wani bijimi da makiyaya suka kora, ya haye, ya kama gudu irin wanda ya daina tun yana saurayi.

* * *

Ya iso zauren rana ta ɗaga, taɓo har ƙirji. Mai Unguwa yana zaune a tsakiya, Alƙur'ani a gabansa cikin gafaka. Lado yana gefe ɗaya da alwalarsa, Tasalla da mijinta a ɗaya gefen. Mijinyawa ya jingina da bango, ya rame cikin kwana uku kamar wanda ya yi wata yana jinya. Samari sun cika ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a dakata da rantsuwa," in ji Ilu yana haki. "A sallami mutanen waje. A kira mini Goggo Baraka, yanzu, duk abin da take yi ta bari."

Aka kori samarin, aka saki labulen kara. Baraka ta shigo da sallama, riƙe da kofin silba a rufe.

"Ga ni, dama kunun Malam zan kawo. Malam Ilu, lafiya na gan ka haka?"

Ilu ya dubi kofin. Ya durƙusa a gabanta, ya sassauta murya yadda ya iya.

"Goggo, daga wurin Malam Shitu nake. Ranar Alhamis da safe kin shiga shago?"

Ta saci kallon ƙaninta, ta sunkuyar da kai. "Tunda ka je can, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na shiga. Yana wanka na zari makulli a aljihun rigarsa. Amanata na ɗauko a kan tebur, ban taɓa masa takardun na'urarsa ko ɗaya ba, Allah ne shaidata. Ni me na sani a boko?"

Ilu ya ajiye ƙunshin a gabanta. "Ga amanarki, Goggo. Bayan akwati ta faɗa. Bakwai ne, ba a taɓa ko ɗaya ba."

Ta dubi ƙunshin. Ba ta gane ba tukuna. Tasalla ce ta fara ganewa, ta toshe baki da mayafi. Mijinyawa ya ɗago daga bango a hankali.

"Yaya," in ji shi, "waɗanda kika ɗauka, guda nawa ne?"

"Goma sha biyu. Rubutun malamai ne, da tawada, har da hatimi. Na san rubutun Allah in na gan shi."

"Suna ina?"

"Na jiƙa maka. A kunun tsamiya, don kada ka ga baƙin. Ka yafe mini, na san ba ka so, amma ba zan zauna ina kallo a tafi da kai Kano hannu rabbana ba."

"Masu gida-gidan nan fa?" Ilu ya tambaya. "Biyun da kika ajiye?"

"Da asuba na jiƙa su, tare da ɗayan. Na murje su sosai, takardar ma ta narke, na tace." Ta ɗaga kofin kaɗan. "Su ne wannan."

Ilu ya zauna daɓas a ƙasa. Da bai je Karaye ba, da tun Juma'a ya gama.

Mai Unguwa ne ya yi mata bayani, a taƙaice, yana kallon tabarma. Baraka ta saurara har ƙarshe. Fuskarta ta sauya. Ta durƙushe a inda take, amma ba ta saki kofin ba.

"Ni ce ɓarauniyar? Ni na yi ta jan Allah ya isa. Ni na rene ka, ni na kashe ka." Ta juya ga Mai Unguwa. "Ranka ya daɗe, a kai ni duk inda ake kai irina."

Tasalla tana kuka ta ce za ta gwada tuno sunayen, wataƙila ta kawo ashirin ko talatin. Lado ya ce zai kai faifan Kano wurin waɗanda suka fi su sani. Mijinyawa ya girgiza kai. Shi ya ƙera abin, ya san bai bar ƙofa ba. Abin da ya fi ba ni tausayi, ya yi aikin da kyau ƙwarai.

Da Mijinyawa ya buɗe baki, wajen Lado ya fuskanta.

"Lado, na zalunce ka, na sa an zage ka a gari. Ka yafe mini. Tasalla, ke ma haka. Ranka ya daɗe, a faɗa wa mutanen waje ba a yi sata a gidan nan ba. Takardu sun lalace a hannun masu gida, iyakar abin da za a ce ke nan."

Sannan ya rarrafa zuwa inda yayarsa take, yana laluben tabarma, har hannunsa ya taɓa nata.

"Yaya, a ƙafa kika je Ruwan Bago?"

Ta gyaɗa kai, ta tuna ba lallai ya gani ba, ta ce, "A ƙafa."

"Da wannan gwiwar taki?"

Ya zare kofin daga hannunta, ta riƙe, ya ja a hankali har ta saki. Ya buɗe murfin. Shekara ashirin tana roƙonsa ya sha rubutu yana ƙi. Ya yi bismilla, ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya shanye tas. Ya goge baki da bayan hannu, ya mayar mata da kofin.

"Tsamiyar ta yi daidai, Yaya," in ji shi. "Tashi ki haɗa mini kaya, gobe da wuri motar za ta tashi."